Me ya sa makin ACE na 'ya'yan baƙi 'yan Latino ke fitowa ƙasa alhali suna zaman ɗar-ɗar?

Tambaya: Likita, ina aikin taimaka wa malamar aji a wata firamare a Amurka. Fiye da rabin ɗalibanmu 'ya'yan baƙi ne daga Mekziko da Guwatemala da Honduras. An yi mana bita a kan abin da suke kira ACE, wato wahalhalun da yaro ke sha a ƙuruciya, kuma mai bitar ta ce bincike ya nuna 'ya'yan baƙi 'yan Latino ba su kai 'ya'yan haifaffun ƙasa shan irin wannan wahala ba. Ni kuwa ba haka idona ke nuna mini ba. Akwai wani yaro ɗan shekara 7 a ajinmu, kullum da safe ciwon ciki, in lokacin tashi ya kusa kuma sai ya manne da taga yana leƙen ko uwarsa ta zo. Wa ya yi gaskiya, ni ko binciken? Kuma me zan iya yi masa?

Amsa: Malama, mai bitar ba ta yi miki ƙarya ba, idonki ma bai yaudare ki ba. Aibin yana jikin mudun da aka yi awon da shi. Bari in fara da yadda aka ƙera mudun, don in kin gane wannan sauran bayanin zai zo da sauƙi.

A shekarun 1980 akwai wani likita a birnin San Diyego na jihar Kalifoniya, Vincent Felitti, yana kula da sashen rage ƙiba na cibiyar kiwon lafiya ta Kaiser Permanente. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, da yawa daga cikin waɗanda nauyinsu ke raguwa sosai su ne suke sulalewa su daina zuwa. Da ya zauna da su ɗaya bayan ɗaya sai ya tarar an yi lalata da da yawansu tun suna ƙanana. Daga nan ya haɗa gwiwa da Robert Anda na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, suka yi wa mutum sama da 17,000 tambayoyi tsakanin 1995 da 1997. Sakamakon farko ya fito a 1998.

Jerin abubuwan da ake tambaya, bayan ya cika, guda 10 ne. Uku cin zarafi ne: duka, zagi da wulaƙanci, da lalata. Biyu sakaci ne: rashin ci da sutura da magani, da kuma rashin mai jan yaro a jiki. Biyar ɗin da suka rage halin da gidan ke ciki ne: ana dukan uwa, akwai mashayin giya ko ƙwaya, akwai mai taɓin hankali ko ciwon damuwa, iyaye sun rabu, ko an ɗaure wani ɗan gidan. Duk inda mutum ya ce e, maki ɗaya ke nan. Kusan kashi 2 cikin 3 na mutanen suna da aƙalla maki ɗaya, mutum 1 cikin 8 kuma yana da 4 ko fiye. Masu 4 zuwa sama sun ninka marasa maki sau 4 zuwa 12 wajen faɗawa shaye-shaye da ciwon damuwa da yunƙurin kashe kai, ga kuma ƙarin ciwon zuciya da hanta da huhu. Binciken ya girgiza likitoci, kuma ya isa ya girgiza su.

To amma su wane ne aka tambaya? Kusan kashi 75 cikin 100 Turawa ne farar fata, yawancinsu sun yi karatu gaba da sakandare, duk suna da inshorar lafiya, kuma yawanci sun haura shekara 50. Ga irin waɗannan mutane, in yaro zai cutu, daga cikin gida cutar ke fitowa. Shi ya sa tambayoyin goma duk suka ba wa ƙofa baya suna kallon tsakar gida. Babu wadda ta ce, an taɓa buga muku ƙofa da asuba aka tafi da babanka? Babu wadda ta ce, ka taɓa kwana a ɗakin tsare mutane na kan iyaka? Babu wadda ta ce, kana barci da tsoron ka dawo daga makaranta ka tarar da gida wayam?

Binciken da nake zaton mai bitarku take nufi ya fito a 2017 a mujallar likitocin yara ta Amurka, daga wasu likitoci na jami'ar Johns Hopkins. Sun ɗauki bayanan ƙidayar lafiyar yara ta ƙasa ta 2011 zuwa 2012, suka ware yaran Latino gida biyu. Cikin 'ya'yan baƙi, kashi 80 cikin 100 suna gidaje masu ƙaramin ƙarfi, cikin 'ya'yan haifaffun Amurka kuwa kashi 47 ne. Duk da haka, masu maki 2 ko fiye kashi 16 ne kawai a gidajen baƙi, kashi 30 a ɗaya ɓangaren. Waɗanda suka fi talauci su ne suka fi ƙarancin maki. Wannan ba sabon abin mamaki ba ne ga masana lafiya. Tun 1986 aka fara rubutu a kan yadda 'yan Latino, duk da ƙarancin kuɗi da inshora, lafiyarsu ke kai ta farar fata ko ta fi a wasu fannoni, kuma wannan fifiko yana zaizayewa a kan 'ya'ya da jikoki.

Wani ɓangare na wannan adadi gaskiya ne tsantsa, kuma ba na son a raina shi. Gidajen baƙi sun fi yawan samun uwa da uba a ƙarƙashin rufi ɗaya. Shaye-shaye bai kai na haifaffun ƙasa ba. Zumunci yana da ƙarfi irin wanda ke da ni muka sani: kaka tana nan, goggo tana nan, akwai ubangida da uwargidan baftisma waɗanda suke ɗaukar yaron kamar nasu, ranar Lahadi ana coci ana cin abinci tare. Kuma wanda ya iya ƙetare ƙasa uku da ƙafa don 'ya'yansa su ci abinci, dama can ba ragon mutum ba ne. Masana suna kiran wannan riƙon zumunci familismo, kuma garkuwa ce ta gaske.

Ɗaya ɓangaren kuma na mudu ne. Ki duba yadda aka tattara bayanan: ta wayar tarho aka kira iyaye, a madadin hukumar gwamnati, ana tambayarsu ko ana duka a gidan, ko akwai mashayi, ko an taɓa ɗaure wani. Ki sa kanki a matsayin matar da ba ta da takardu, wadda ta ji labarin hukumar kare yara tana ƙwace 'ya'yan mutane. Me za ki ce? Mu ma da muke da takardu, in baƙo ya kira yana tambayar sirrin gida, "lafiya lau" za mu ce. Sannan tambayar taɓin hankali tana bukatar a san sunan ciwon. Matar da ba ta taɓa ganin likita ba ba za ta ce tana da ciwon damuwa ba. Za ta ce tana fama da nervios, kalmar da ta haɗa rashin barci da faɗuwar gaba da ciwon kai da saurin kuka, ko ta ce susto ya kama ta, wato firgita irin wadda ke bar wa mutum ciwo. Ba ta ɗauki waɗannan a matsayin abin da takardar ke tambaya ba. Ita wannan ƙidayar ta ɗan faɗaɗa jerin, ta sa ƙuncin rayuwa da wariya da tashin hankalin unguwa da mutuwar mahaifi, amma batun takardu da tasa ƙeya bai shiga ba. Uban da aka tsare wata shida a gidan tsare baƙin haure aka kuma mayar da shi Honduras, matarsa ba za ta ce an ɗaure shi ba tunda bai yi laifi ba, ba kuma za ta ce sun rabu ba tunda aurensu yana nan. Yaron ya rasa uba, takarda ta ba shi sifili.

Af, kafin in manta da batun suna. Za ki ga ana rubuta Latinx a maimakon Latino a takardun bita. Cibiyar bincike ta Pew ta gano a 2020 cewa kashi 3 cikin 100 ne kawai na mutanen suke kiran kansu haka. Iyayen ɗalibanki za su ce miki su 'yan Mekziko ne ko 'yan Guwatemala, ki kira su da abin da suka kira kansu. Kuma kada ki ɗauka kowa Sifaniyanci ne harshen uwarsa. Da yawa daga tsaunukan Guwatemala K'iche' ko Mam suke yi a gida, wasu daga kudancin Mekziko Mixteco. Na sha ganin an kawo tafintan Sifaniyanci, uwa tana gyaɗa kai don kunya, ba ta fahimci rabin maganar ba.

Yanzu ga abin da mudun bai ɗauka ba. Yaro 1 cikin 4 a Amurka ɗan Latino ne, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 nasu a ƙasar aka haife su, 'yan ƙasa ne. Sama da yara miliyan 4 'yan ƙasa suna da aƙalla mahaifi ɗaya marar takardu. Gida ɗaya za ki tarar uba ba takardu, uwa ba takardu, babbar ya da aka shigo da ita a goye ba takardu, ƙannenta biyu kuma suna da fasfo. Wahalar wannan gida ba sai an kama kowa take farawa ba. Jiran kamun ma ciwo ne.

Na taɓa duba wani yaro ɗan shekara 8 mai irin ciwon cikin da kika faɗa. An yi gwajin jini, an yi na bahaya, an ɗauki hoto, ba a ga komai ba. Uwarsa ta cike takardar ACE, duk a'a, kuma na yarda da ita: gida ne mai tsabta da ƙauna, ta zo da shi an taje masa kai an soke riga cikin wando. Na tambaye shi ƙarfe nawa yake barci, ya ce sai motar babansa ta dawo. Uban aikin rufin gidaje yake, yana fita tun duhun asuba. Yaron ya san ƙarar motar, ya san ƙarar ƙofarta in an rufe, ya san sautin takalmin aiki in an cire shi an ajiye a bakin ƙofa. Sai ya ji ukun nan yake runtse ido. Da safe kuma uban ya riga ya fita, lissafi ya koma sabo, ciki ya murɗa. Uwar ta kalle ni ta ce, "Ai ba mu taɓa gaya masa komai ba." Ban ce mata komai ba, shi yaron ne ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, "Ina jin ku in kuna magana a kicin." Yara suna jin raɗa fiye da yadda suke jin ihu. Suna ganin yadda hannun uba ke ƙanƙame sitiyari in motar 'yan sanda ta biyo baya, suna jin kalmar la migra, sunan da suke kiran jami'an shige da fice, suna ganin uwa ta kashe talabijin da sauri in an fara labarai.

Kada ki ɗauka wannan tatsuniyar asibiti ce kawai, akwai awo a kansa. Ranar 12 ga Mayun 2008 jami'an shige da fice suka kai samame wata masana'antar yanka da sarrafa nama a ƙaramin garin Postville na jihar Ayowa, suka kama mutum 389, yawancinsu 'yan Guwatemala. Daga baya masu bincike na jami'ar Mishigan suka duba takardun haihuwa na jihar gaba ɗaya. A cikin makonni 37 da suka biyo bayan samamen, haɗarin haihuwar jariri marar cikakken nauyi ya ƙaru da kashi 24 cikin 100 ga matan Latino. Ga farar fata bai motsa ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ƙarin ya shafi har matan Latino haifaffun Amurka, waɗanda babu mai ikon korarsu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Tsoron ya bi jini ya isa ga ɗan tayin da bai ko san sunan ƙasar ba.

Akwai kuma awon da ya nuna abin yana juyawa in an cire tsoron. A ranar 15 ga Yunin 2012 gwamnatin Obama ta fito da shirin DACA, wanda ya ba waɗanda aka shigo da su tun suna yara kariya daga kora da izinin aiki. Ɗaya daga cikin sharuɗɗan shi ne kada mutum ya kai shekara 31 a ranar. Wannan ya raba mata gida biyu ba don halinsu ko arzikinsu ba, sai don ranar haihuwa kawai: wadda aka haifa kwana kaɗan bayan 15 ga Yunin 1981 ta cancanta, wadda ta riga da kwana kaɗan ta rasa. Masu bincike suka bi 'ya'yan irin waɗannan mata sama da 5,000 a jihar Oregon, sakamakon ya fito a mujallar Science a 2017. 'Ya'yan matan da suka cancanta, yawan waɗanda likita ya samu da ciwon fargaba da damuwa ya ragu da wajen rabi. Ba a ba yaran magani ba, ba a kai su wajen mai ba da shawara ba. Uwa ce kawai ta samu takardar da ta sa ta daina waiwaye. A duk abin da na karanta a wannan fanni, babu wanda ya fi wannan nuna inda ciwon yake.

Dalilin yana cikin yadda jiki ke aiki. In mutum ya firgita, ƙwaƙwalwa tana aika saƙo zuwa wasu ƙananan sassan jiki da ke saman ƙoda, su saki sinadaran adirenalin da kotizol. Zuciya ta ƙara gudu, sukari ya hau jini, narkar da abinci ta dakata, hankali ya tattaru a kan hatsari. Wannan rahama ce in hatsarin na minti biyar ne. In ya zama kullum, kamar injin markaɗe ne da aka bari yana aiki dare da rana ba a kashewa. Barci ya lalace, hanji ya rikice, garkuwar jiki ta raunana, sashen ƙwaƙwalwa mai kula da natsuwa da haddacewa ya kasa samun fili. Yaron da ke gadin taga ba shi da sauran hankalin da zai ba wa lissafi. Wani lokaci a ce yana da ciwon rashin natsuwa a fara maganar ba shi ƙwayar magani, an bar jaki ana dukan taiki.

Jack Shonkoff da abokan aikinsa a jami'ar Habad sun kasa damuwar yara gida uku: mai amfani, kamar ranar farko a makaranta; mai nauyi amma wadda ake iya jurewa, kamar rasuwa ko gobara; da mai guba. Abin da ke raba ta biyu da ta uku ba girman masifar ba ne kaɗai, har da samun babba tsayayye wanda yaro zai jingina da shi jikinsa ya lafa. Nan ne muguntar barazanar kora take. Sauran masifu suna zuwa wa yaro ya gudu wajen uwa. Wannan kuwa uwar take nema ta ɗauke. Ko ba ta ɗauke ta ba, ta mayar da ita mai tsoro, kuma wanda gabansa ke faɗuwa ba ya iya kwantar wa wani da hankali.

Waɗanda aka raba da gaske kuwa, lamarinsu a bayyane yake. A Afrilun 2018 gwamnatin Trump ta sanar da tsarin ba-sani-ba-sabo a kan iyaka, aka riƙa gurfanar da iyaye ana kai 'ya'yansu wasu matsugunai. An dakatar ranar 20 ga Yuni, wani alƙali a San Diyego ya ba da umarnin a mayar da yara ga iyayensu, amma jimillar waɗanda aka raba ta haura 5,000, kuma ba a ajiye bayanan da za su sauƙaƙa haɗa su ba. Rahoton babban mai bincike na ma'aikatar lafiyar Amurka kanta, na Satumban 2019, ya ce waɗannan yara sun fi sauran nuna tsoro da jin an yashe su. A ranar 7 ga Agustan 2019 kuma aka kama mutum kusan 680 a masana'antun kaji na jihar Misisipi, a makon da aka koma makaranta, yara suka tashi ba mai ɗaukarsu. Ga kuma waɗanda suka yi tafiyar da ƙafarsu. A 2014 an kama yara kusan 68,000 a iyakar kudu ba tare da iyaye ba, yawancinsu daga Honduras da Guwatemala da El Salbado, suna gudun 'yan daba. A 2023 sama da mutum 500,000 suka ratsa dajin Darien tsakanin Kolombiya da Panama, kusan 1 cikin 5 yara ne.

Akwai wata rabuwa da ba ta shiga labarai, kuma ina zaton kina da irinta a ajinki. Uwa ta bar ɗanta yana shekara 2 wajen kaka ta tafi neman kuɗi, tana turo dala da takalma, sai yana shekara 10 ta samu halin kawo shi. Ita tana jiran godiya, ta yi shekara takwas tana wanke banɗakin mutane dominsa. Shi kuwa an raba shi da kakar da ita ce uwa a wajensa, an kawo shi gidan wata mata da ya sani a waya, ga sabon miji ga ƙanne da ba sa jin yarensa sosai. Rashi biyu ke nan, kuma babu wanda aka yi masa ta'aziyya. Mu da muka san riƙo, muka san 'ya'yan 'yan ci-rani, mun fahimci wannan fiye da yawancin abokan aikinki. Bambancin shi ne a wajenmu yaron riƙo yana zuwa gida da salla. Nan iyaka ta rufe, wanda ya fita ba ya dawowa.

Sai batun tafinta. Na ga yarinya 'yar shekara 9 tsaye tsakanin uwarta da ma'aikaciyar jinya, ana tambayar uwar ko tana tunanin cutar da kanta. Yarinyar ta yi shiru na ɗan lokaci, ta juya ta tambayi uwar da Sifaniyanci ko tana jin yunwa, ta juyo ta ce, "Ta ce a'a." Fassara takardar wuta ko magana da mai kanti ba laifi, yara da yawa ma suna alfahari da shi. Amma batun ciwo da bashin haya da lauya kaya ne da ya fi ƙarfin wuyansu.

Masu ƙera mudun sun fara gyara. A Filadelfiya an ƙara tambayoyin wariya da tashin hankalin unguwa da cin zali. A Kalifoniya, bayan an naɗa Nadine Burke Harris babbar likitar jihar ta farko a 2019, aka fara biyan asibitoci dala 29 kan kowane gwajin ACE daga Janairun 2020, kuma takardar yara da suke amfani da ita tana tambaya ko an taɓa raba yaro da mahaifinsa saboda shige da fice. Ci gaba ne. Sai dai ina da ja a kan ɗora maki a goshin yaro. Shi kansa Robert Anda ya rubuta a 2020 cewa an yi makin ne don nazarin jama'a, ba don yanke hukunci a kan mutum ɗaya ba. Duka sau ɗaya da duka na shekara goma duk maki ɗaya ne. Yaro mai maki 5 zai iya tashi lafiya garau, mai sifili kuma ga shi nan a tagarki.

Kada kuma tausayin baƙi ya rufe miki ido. A gidajensu ma ana duka, ana lalata, kamar ko'ina, kuma matar da ba ta da takardu ta fi kowa jinkirin kiran 'yan sanda, musamman in mijin yana mata barazanar zai tona ta. Tun 2000 akwai bizar U, wato izinin zama ga waɗanda aka yi wa manyan laifuka suka kuma taimaka wa hukuma, mata da yawa ba su san da ita ba. Ke kuma a matsayinki na ma'aikaciyar makaranta, in kin ga alamar cin zarafi doka ta ɗora miki kai rahoto.

Game da abin da za ki yi, na farko kada ki tambayi yaro ko iyayensa batun takardu, ko da niyyar taimako. Kotun ƙolin Amurka ta yanke tun 1982 cewa kowane yaro yana da haƙƙin makarantar gwamnati ko yana da takardu ko ba shi da su, kuma tambayar kaɗai ta isa ta sa uwa ta daina turo shi. Ki sani kuma tsoronsu ya ƙaru da dalili: tun 2011 akwai umarnin da ya taƙaita wa jami'ai kame a makarantu da asibitoci da wuraren ibada, a Janairun 2025 aka soke shi. Ki tambayi shugabar makarantarku mene ne tsarinsu in jami'ai sun zo, don in uwa ta tambaye ki ki ba ta amsa ta gaskiya.

Ciwon cikin a fara kai shi wajen likita, kada a ɗora komai a kan damuwa a bar tsutsar ciki ko maƙarƙashiya. In an duba ba a ga komai ba, kada a ce masa ƙarya yake, ciwon yana jin sa da gaske. Ki haɗa shi da mai ba da shawara ta makaranta. Akwai wani shiri mai suna CBITS da aka ƙirƙira a makarantun Los Anjelis, aka gwada shi a kan 'ya'yan baƙi 'yan Latino, zama 10 ne a ƙungiya, akwai kuma ƙaninsa Bounce Back na 'yan firamare. In za a zauna da uwar, a nemo tafinta babba, haƙƙinta ne a kan makaranta, kada a sa yaron. A nuna mata, ba tare da tambayar dalili ba, cewa kowane gida yana iya sa sunaye uku ko huɗu a katin waɗanda za su ɗauki yaro. Ƙungiyoyin lauyoyin baƙi suna taimaka wa iyalai rubuta shirin ko-ta-kwana: wa zai riƙe yara, ina takardun haihuwa suke, wace lamba za a kira. Iyaye suna gudun wannan magana kamar masu gudun rubuta wasiyya, amma na lura yaron da ya san akwai shiri ya fi barci a kan wanda aka bar shi yana ƙirƙirar nasa cikin duhu.

Kada ki raina matsayinki don ke mataimakiya ce. Wani bincike da aka buga a 2019 a kan manya a jihar Wiskonsin ya duba abubuwa 7 masu daɗi na ƙuruciya, cikinsu har da samun aƙalla manya biyu da ba iyaye ba waɗanda suka damu da yaro da gaske. Masu 6 ko 7 haɗarin ciwon damuwarsu ya yi ƙasa da kashi 72 cikin 100 in an kwatanta da masu 2 ko ƙasa, kuma kariyar tana nan har ga masu makin ACE da yawa. Ke baƙuwa ce, kin san layin ofishin shige da fice, kin san yadda ake kallon mai lafazi daban. Ba sai kin faɗa masa ba, zai gane.

Ranar Litinin in lokacin tashi ya kusa ya nufi taga, kada ki kore shi ya koma kujera, ki je ki tsaya kusa da shi. Kada ki ce masa babu abin da zai faru da mamansa, ba ki da ikon wannan alkawari, kuma ya san ba ki da shi. Ki ce masa, "In Mama ta makara, ina nan tare da kai har sai wanda ta rubuta sunansa ya zo." Kafin ki furta haka, ki leƙa ofis ki tabbatar akwai suna na biyu a katinsa, kuma lambar tana shiga.